Kafin Ka Biya Kuɗin Baƙin Babur Ɗin Nan na Anacha

Mil Uku, Fatakwal

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Muntari, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka isa Inugu lafiya, ka kuma tarar da Kawunka Isa da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ka shiga garin a sa'a. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma duk suna gaishe ka.

Tun ranar da ka tafi na kasa zama wuri ɗaya don murna. Babu wanda ban tare ba a kasuwar shanu na gaya masa ɗana zai buɗe shagon babura kusa da kasuwar Ogbete a Inugu, shi da Emeka abokinsa na makaranta. Wasu suka ɗauka okada za ku riƙa sayarwa. Sai da na zauna na yi musu bayani cewa manyan babura ne na doguwar tafiya, irin waɗanda mutum zai hau a Fatakwal bayan asuba ya yi la'asar a Makurɗi bayansa bai yi ciwo ba. Liman ya sa maka albarka bayan sallar magariba. Ni kuwa ina ta murmushi kamar ni ne zan buɗe shagon.

Ƙanwarka Zulai ta nuna mini hoton da ka turo mata. Na san dalilin da ya sa ba ni ka turo wa ba. Baƙin babur ne na Jamus, sabo dal, da akwatuna a gefe da gefe, kujerarsa kamar ta falo, an ajiye shi a wani shago a Anacha. Na sa yatsu na buɗa hoton, na dubi injin, na dubi fitilun. Yana da kyau, Muntari. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba shi da kyau ba. Zulai ta ce kana tunanin ka saye shi ya zama shi ne fuskar shagon, ka riƙa hawansa, in an sami mai so ka sayar.

Ba zan ce kada ka saya ba. Kai ba yaro ba ne, kuma shekarun da ka yi a gareji kana kwance injinan nan sun sa ka fi ni sanin cikinsu. Amma jarin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai gumin Emeka a ciki, akwai kuma gwal ɗin da mahaifiyarka ta cire daga akwatinta ta sayar ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wannan babur ɗaya zai cinye mafi yawansa. Don haka ka saurari yadda ni na yi da nawa baburan, sannan ka yanke.

A Garki ta Inugu aka haife ni, ka sani, amma a Anacha na zama mutum. Na yi dako a babbar kasuwa, daga baya na yi okada. Wata rana da hantsi ina jiran fasinja a Kan Gada sai ga wasu mutane a jere kan manyan babura, sun tsallako kogi, kowa da hular kwano da jaka a ɗaure. Ƙarar injinsu ba irin ta namu ba ce, wata ƙara ce mai kauri da kake ji a ƙirjinka. Na bi su da mashin ɗina har sai da suka ɓace mini. Ranar na sa a raina sai na hau irinsa kafin in mutu.

Shekaru suka wuce, na dawo Fatakwal na shiga harkar shanu, Allah Ya buɗa. Wata shekara cinikin Kirsimeti ya yi kyau ƙwarai, shanun da na kawo ba su kwana biyu a kara ba. Ban yi shawara da kowa ba na aika Legas aka kawo mini babur na Jamus a cikin akwatin katako. Kuɗin bijimai goma sha biyu na zuba a kansa. Kana ƙarami sosai lokacin, kai ne ka fara hawa tankinsa kana bubbuga shi da tafin hannu.

A watan nan kuma Ɗanjuma mai suya, aminina, ya sayi nasa. Na Japan ne, babba shi ma, na tafiya, amma ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Kuɗinsa bai kai rabin na nawa ba. Na sa masa suna jakin Ɗanjuma. Duk inda muka tsaya nawa ake kewayewa, nasa ko kallo ba a yi. Nawa har abin ɗumama hannu gare shi, wai don sanyi, a garin da zufa ke jiƙa maka riga kafin ka fita ƙofar gida. Na biya kuɗin wannan ma, ina alfahari da shi, ina danna wa mutane su taɓa su ji ɗumi.

Da babbar salla muka hau mu biyu muka nufi Haɗeja gaida dangi. Kai, Muntari, wannan tafiya! Muka bi Aba, muka kwana a Inugu, muka tsallake gadar Makurɗi da hantsi. Daga Lafiya zuwa gaba, inda hanya ke hawa tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, babur ɗin nan yana kwanciya yana tashi kamar ya san abin da ke raina. Sai na ji ina rera waƙa a cikin hular kwano, ni da ban taɓa waƙa ba. Har yau in na rufe ido ina jin iskar wurin.

Ba a cika shekara biyu ba tirelar da ta ɗauko mini shanu ta kife kusa da Lakwaja. Allah Ya tsare rayukan mutane, amma dabbobin kaɗan aka samu aka yanka. Jarina ya tafi, ga Kirsimeti na matsowa. Ban tayar da hankalina sosai ba, don a ganina ina da ajiya a zaure. Na ce in sayar da babur, in sayi wasu shanun, kaka ba za ta wuce ni ba.

Na hau shi har Anacha na kai wa wani dillali, Ogbonna, mutumin kirki da na sani tun ina okada. Ya zagaya shi, ya shafa tankin, ya tayar da shi ya saurara, ya yaba ƙwarai. Sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, who go buy am?" Wato wa zai saya?

Na ce masa kowa ma, ai ga shi kamar sabo. Ya zaunar da ni ya ce masu kuɗin sayen irin wannan ba su da yawa, kuma su sabo suke so, su yage ledarsa da hannunsu. Ga shi kamfanin ya riga ya fito da wani samfurin mai allo a gaba, nawa ya zama na bara. Masu neman na hannu kuwa tsoron gyaransa suke yi, don in ya lalace ba kowane bakanike ke taɓa shi ba. Ya yi ta buga waya har yamma. Tayin da ya fi tsoka da kaɗan ya wuce rabin abin da na biya. Raina ya ɓaci, na ce albarka, na hau abina na dawo.

Wannan albarkar ita ce kuskurena na biyu a kan babur ɗaya. Na zauna ina jiran wanda zai san darajarsa. Kirsimeti ta zo ta wuce ina kallon abokaina suna sauke shanu. Masu zuwa gani suna zuwa, su ɗauki hoto a kansa, su tafi. Sai bayan watanni wani likita daga Owerri ya saya, ƙasa da tayin da na ƙi a wurin Ogbonna. Abin da na karɓa bijimai biyar ya saya mini.

A tsakanin nan Ɗanjuma ya tashi aurar da 'yarsa, ya kai jakinsa kasuwar babura ta Nnewi. Bai yi mako ba aka saye. Mutum uku ne ma suka yi ta ja a kansa, don kowa ya san kayan gyaransa na nan a kowane layi na kasuwar, kuma duk garin da ya tsaya maka za ka sami mai duba shi. Abin da ya rasa a kai bai taka kara ya karya ba. Bai taɓa yi mini gori ba, Allah Ya saka masa. Shi ne ma ya riƙa kawo mini tsire gida a watannin nan.

To ka riƙe wannan. Babur mai tsada sabo, ranar da tayarsa ta taɓa kwalta ranar yake fara zubar da kuɗi, kuma a shekarun farko yake zubar da mafi yawa. Duk wani ƙarin jin daɗi da ka biya a kansa, mai saye na biyu ba zai biya ka ba. Kafin ka sayi kowane babur, ka fara lissafa a ranka mutanen da za su iya karɓarsa daga hannunka in ka matsu. In ka ga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, to ba ajiya ka yi ba, abin hawa ka saya. Kuma ran da buƙata ta kama ka, tayin farko mai ma'ana kada ka raina shi don zafin rai.

Da na farfaɗo sai na bi sahun Ɗanjuma na sayi na Japan. Amma son a kalle ni bai sake ni ba. Na kai shi aka yi masa fenti kore shar, aka rubuta Sarkin Hanya a jikin tanki. Na sa aka yanke salansa don ya riƙa ruri, aka jona masa fitilu masu walƙiya ta ko'ina da ham irin na tirela. Yaran unguwa suna jin tahowata tun daga bakin titi. Kayan da aka cire masa na asali kuwa na bar wa mai gyaran, ko tambaya ban yi ba.

Lokacin da na so canza shi, wani matashi ma'aikacin banki ya taso tun daga Inugu don ya gani. Da kuɗinsa ya zo. Ya ɗaga kujera ya ga wayoyi an yayyanka an naɗe da salatif. Cikin ladabi ya ce shi babur yake nema yadda kamfani ya yi shi, kuma sai ya kashe kuɗi mai yawa kafin ya mayar da wannan yadda yake. Ya tambaye ni ko salansar asali na nan. Na ce babu. Ya yi godiya ya koma tasha. Na kashe kuɗi na ƙawata shi, ashe rage masa daraja nake yi. Abin da ya burge ni ni kaɗai ya burge.

Saboda haka duk babur da ya shigo shagonku ku bar shi da kamanninsa. In mai shi ya nace sai an canza wani abu, ku sa na asalin a kwali ku ba shi, ku ce ya adana. Ka koya wa masu saye su riƙa tara rasit na duk juyen mai da canjin taya. Mai saye na biyu ba ya ganin cikin inji, abin da aka nuna masa da shi yake samun natsuwa. Takardun kwastam da na lamba kuma, in ba su cika ba, ko kyauta aka ba ka kada ya kwana a shagonku.

Koren nan dai daga baya na sami wanda ya saya, kuma a nan na yi wani abin dariya. Shekaru sun ɗan ja, naira ta faɗi. Kuɗin da aka ba ni sun fi waɗanda na saye shi da su yawa. Murna ta kama ni. Na yanka rago, na riƙa gaya wa mutane na hau babur shekara da shekaru kuma na ci riba a kansa. Da na je Anacha neman wani, na biya wurin Malam Habu ɗan canji, wanda muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi muna samari, na ba shi labari. Ya saurare ni har na gama, ya zuba mini shayi, ya ce, "Garba, je ka tambayo kuɗin irinsa yau, ka dawo mu ƙarasa murnar tare."

Na je na tambayo. Kuɗin da ke aljihuna ko rabin sabon irinsa ba su kai ba. Na dawo na zauna, muka yi ta dariya har hawaye, amma tawa dariyar da ɗaci a ciki. Ga rago kuma an riga an cinye.

Wannan ya fi duk sauran shafar ku, tunda kayanku daga waje suke zuwa. Kada ka auna riba da yawan takardun da aka ƙirga maka. Ka auna da abin da za ka biya yau ka mayar da irin babur ɗin gurbinsa. In kuɗin da ka karɓa ba za su mayar da shi ba, shagonka raguwa yake yi ko da aljihunka ya yi nauyi. Ni da shanu nake auna komai, kai ka nemi naka ma'aunin da ba ya yaudara.

Na ƙarshe shi ne jan nan da ka sani, wanda ka koyi kwance inji a kansa. A nan na ɗan yi wayo, amma rabin wayo. Na lura cewa masu tsadar nan in sun gama faɗuwar farko sai farashinsu ya tsaya, ya riƙa sauka a hankali. Wani ma'aikacin kamfanin mai zai bar ƙasar, yana da na Jamus da ya ɗan kwana biyu, an kula da shi sosai. Na same shi a kuɗin da bai fi na sabon na Japan ba. Wani ya riga ya ɗauki asarar, ni na zo na tarar da daɗin. Shekara guda ina shawagi tsakanin Fatakwal da Anacha da Inugu, har ɗaurin auren da ba a gayyace ni ba nakan je don in sami dalilin hawa.

Abin da ban tambaya ba shi ne inda zan sami kayansa. Wani ɗan akwati da ke sarrafa birki ya mutu, abu kamar tafin hannu. Na zagaye Nnewi kaf babu. Aka ce sai an aiko daga waje. Na ce to, na jingine shi a tsakar gida na rufe da leda, damina kuma ta sauka. Ka san ruwan garin nan da iskar gishirin da ke tasowa daga teku. Kafin kayan su iso tsatsa ta ci ƙafafunsa, batir ya mutu, ɓeraye sun shiga wayoyi. Na yi tsammanin yana hutawa ne. Babur ba ya hutawa a ajiye, lalacewa yake yi, mai tsada kuma ya fi saurin fushi. Da ba don kai da ka ɗauki hutun makaranta guda kana fama da shi ba, da a kilo za a saye shi.

Yanzu ga abin da nake gani, in ka yarda. Ku cika shagon da na Japan masu matsakaicin kuɗi, masu tsafta, waɗanda za su shigo su fita ba su yi ƙura ba. Su ne za su biya haya, su ciyar da ku. In kuna son abin da zai ja ido a bakin ƙofa, ku nemi mai tsada na hannu wanda ya gama faɗuwarsa, wanda kai da kanka ka buɗe ka duba, kuma ka san wanda zai aiko maka da kayansa kafin ka biya. Guda ɗaya ya isa. Sabo irin baƙin nan kuwa, sai in wani ya zo da bakinsa ya ce yana so, ya ajiye kafin alƙalami mai kauri, sannan ku je Anacha ku ɗauko masa. Ta haka za ka hau shi daga Anacha zuwa Inugu, ka ji daɗinsa, asarar kuma ba a wuyanka ba.

Kada ka yanke komai Emeka bai sani ba. Yaron nan ya ci tuwo a gidan nan, uwarsa ta riƙe ka kamar nata lokacin da ka yi zazzaɓi a makaranta. In ra'ayinku ya saɓa ku je wurin Kawunka Isa, ya daɗe a Ogbete, ya ga haɗin gwiwa iri-iri. Kuma ka gaya wa mai saye gaskiya. In mutum ya zo zai zuba dukiyarsa a kan mai tsada, ka faɗa masa yadda zai faɗi in ya tashi sayarwa. Wani zai fasa, ka rasa cinikin ranar. Amma wanda ya saya da saninsa ba zai zage ka ba, kuma wurinka zai dawo da shi. Agogon da ke ƙirga tafiya kada hannunka ya taɓa mayar da shi baya, ko wa ya roƙe ka.

Kada kuma wasiƙar nan ta kashe maka son abin. Bijiman da na rasa na daɗe da mantawa da kamanninsu, amma tafiyar Haɗeja tana nan tare da ni. Abin da nake so kawai shi ne ka san me kake saye. Wata rana in shagon ya tsaya da ƙafarsa, ka mayar wa mahaifiyarka gwal ɗinta har da ƙari, kana da rarar da in ta narke ba wanda zai kwana da yunwa, to ka je ka sayi wanda ranka ke so, sabo, ka yage ledarsa da hannunka. Ranar ni zan fara yi maka barka.

Hular kwano kada ta bar kanka ko nan da bakin titi ne. In rana ta faɗi ka nemi wurin kwana. Hanyar Inugu zuwa Anacha ka san ramukanta, ka ba manyan motoci wuri, kada ka yi gasa da kowa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka nemi masallacin unguwa ka gabatar da kanka ga liman da dattawa.

Saura magana ɗaya, wannan tsakanina da kai ne. Na ba tela sabuwar shadda saboda ranar buɗe shago, kuma a mota zan taho tunda likita ya ce idona bai yarda in sake riƙe kan babur ba. In na sauka a tasha kada ka turo mini keke napep. Ka zo da kanka, da wanda ya fi kowanne lafiya a shagon, da hular kwano biyu. Ba kai tsaye za mu wuce Ogbete ba, sai ka hau da ni tudun nan na bayan gari mun sauko tukuna. Mahaifiyarka ba sai ta ji wannan ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sanya albarka a kasuwancinku kai da abokinka. Ya haɗa ku da masu saye na gari, Ya kare ku daga asara da haɗari da mugun ido. Ya kai ka duk inda ka nufa lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaishe da Kawunka Isa da mutanen gidansa, ka gaishe da Emeka da iyayensa.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Garba